Garin Kunun da Ƙanwata Ta Liƙe a Leda

A gidanmu na Zango gishiri ba ya zama a bushe. Ko a gwangwani aka rufe shi, in damina ta kama sai a tarar ya yi gumi, ashana kuma sai ta sha ɗumin murhu kafin ta yarda ta kama. Mu da aka haifa a Kwatano, a bakin teku, da haka muka tashi, har mun daina lura. Da mun lura, wataƙila da yanzu 'yar ƙanwata tana tafiya lakwal, wato makaranta, tare da 'ya'yana. Allah ne masani.

Ƙanwata ita ce ƙarama a ɗakinmu, Auta muke ce mata har ta girma. Mijinta direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa. A hanya ya yi hatsari, Allah Ya jiƙansa. Ya bar mata 'ya ɗaya mai shekara biyar, da wushirya irin tasa. Da Auta ta fita takaba ta dawo wurina, muka share mata ɗakin da muke zuba tarkace. Maigidana ma direba ne, kuma a shekarar aikin arewa ya tsaya cak. Da safe zai fita, da yamma ya dawo da ƙurar tasha kawai a ƙafa.

Baffan yarinyar, wan marigayin, a Malanvil yake, can arewacin ƙasar. Ya zo duba su, ya ga tukunyarmu, ya ga bakunan da ke jiranta. Mutum ne mai kunya, ƙasa yake kallo yana magana.

Ya ce wa Auta, "Ba ƙwace na zo yi ba. Ki nemi abin yi. In na ga kina riƙe da kanki, ki riƙe 'yarki da albarka. In abin ya gagara, bayan Babbar Salla zan zo in tafi da ita, ta tashi cikin 'yan'uwanta."

Auta ta ce to. Tun daga ranar waya ba ta bar hannunta ba.

Ta samo wata mata mai yin bidiyo tana koya wa matan aure sana'a. Daga can arewa take, Hausarta tas, ba Faransanci ko kalma ɗaya a ciki, irin Hausar da kakarmu take yi. Ina jin wannan ne ya fara sa muka amince da ita. Tana buɗe magana da bisimilla, tana ce mana 'yan'uwa. Kuma shawarwarinta ba na banza ba ne. Ta ce mace ta fara da abin da hannunta ya iya, kada ta ci bashi, ta fara sayar wa maƙwabta kafin ta hangi nesa. Ta ce a ɗauki hoton kaya da hasken safe, a amsa wa mai saye da fara'a ko bai saya ba. Ni kaina ina tsintar shinkafa ina saurare, ina gyaɗa kai.

Abin da hannun Auta ya iya shi ne kunun yara na gero da gyaɗa da waken suya. Matar tana da bidiyo a kan haka. A wanke, a shanya da hantsi, kafin la'asar ya bushe ƙayau, a soya sama-sama, a kai niƙa, a zuba a leda a liƙe bakin da inji. Ta ce in dai an liƙe iska ba ta shiga, sai ya yi watanni lafiya lau. Ta ƙara da cewa kaya ba ya tafiya sai da fuska: a sa hoton yaro mai ƙoshin lafiya a jikin ledar, uwa ta gani ta yi sha'awa.

Auta ta sayar da 'yan kunnenta na aure, ta hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa kasuwar Ganhi ta dawo rungume da ƙaramin injin liƙe leda. Hoto kuwa ba ta je nesa ba. Ta yi wa 'yarta kitso, ta sa mata rigar Salla, ta ba ta kofi ta riƙe. Yarinyar ta washe wushiryar nan. Aka buga takardun mannawa, kowace da fuskarta.

Maigidana ya ɗaga leda ɗaya yana juyawa. "Kai, Madam direktiris! Mu dai a tuna da mu in kamfani ya tashi."

"Yi dariyarka, Yaya," in ji Auta. "Kai zan fara ɗauka direba, kuma in ka makara in kore ka."

Ranar ce na fara jin dariyarta tun rasuwar.

Mun shanya geron a tsakar gida kamar yadda aka ce. Da la'asar muka damƙa, yana zuba ta tsakanin yatsu. Abin da matar ta kwatanta ke nan, shi muka gani. Kaya kuwa ya karɓu. Matan layinmu suka saya, suka sa hoton a wayoyinsu, har daga Kalavi wata ta aiko ɗan zemijan. Auta ta saya wa 'yarta takalmi, ta sayo mana kifi, ta tura wa Baffa hoton ledojin a jere. Ya amsa da cewa Allah Ya sa albarka.

A wani bidiyon matar ta ce wadda kasuwarta ta buɗe ta riƙa yin da yawa lokaci guda, kuɗin niƙa da na wuta sun fi sauƙi. Auta ta zuba duk abin da ta samu ta sayi buhu. Lokacin hadari ya fara taruwa ta wajen teku, rana tana fitowa amma iskar da nauyi, wanki ma sai ya kwana a igiya. Ta shanya, ta soya, ta niƙo, ta liƙe, ta jera a kwali ƙarƙashin gado.

Wata safiya ina wanke-wanke matar telan da ke kallon ƙofarmu ta shigo ba sallama. Ba ta daɗe da yaye ɗanta ba, kuma tana cikin masu sayen garin. Idonta ya kumbura.

"Ina mai kamfanin? Ta fito!"

Auta ta fito tana gyara ɗankwali. "Lafiya, Maman yaro?"

"Lafiyar ke nan. Ɗana yana lofital wurin likita, amai da gudawa, an sa masa ruwa a hannu. Shinshina!"

Ta tura mata leda a hanci. Saman garin fari ne, amma da ta girgiza sai ƙasan ya taso, ya dunƙule, kore-kore, fumfuna ta cinye shi. Warin ya iso har inda nake.

"Wallahi ban sani ba," in ji Auta. "A liƙe yake, iska ba ta shiga."

"A liƙe! Taki 'yar kin sa mata kwalliya a kan leda, namu kuma ki ɗura musu ruɓa."

Na riƙe hannun matar ina ba ta haƙuri, ta fizge. Ban ga laifinta ba, uwa ce. Da ta fita muka jawo kwalin. Auta tana yanka ledojin da reza, ni ina dubawa. Kaɗan ne suka tsira.

Mun je gaida yaron. Likita bai ce garin ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne, lokacin ruwa ne, yara da yawa suna kwance. Allah Ya tashi kafaɗarsa, ya dawo gida a rame. Amma kafin ya dawo wani ya ɗauki hoton ledar a buɗe, koren garin a fili, fuskar yarinyarmu tana murmushi a kai. Ya shiga guruf ɗin matan unguwa, ya shiga na masu kasuwa, an rubuta a ƙasa cewa a yi hattara. Mai sayar da burodi ma ya nuna min, bai san 'yarmu ba ce.

Auta ta aika wa matar bidiyon saƙon murya tana kuka. Ban zaci za ta amsa ba, sai ga ta ta amsa, muryarta a sanyaye. Ta yi salati, ta ce, "'Yar'uwa, a wane gari kike? Mu nan in na shanya wanki, kafin in gama wanke na biyu na farko ya ƙame. Ban taɓa zuwa bakin teku ba. Ai danshin kika rufe a ciki. Ki yafe min."

Auta ta ajiye wayar. Ta dubi gwangwanin gishirin da ke gefen murhu, ta daɗe tana kallonsa.

Baffa bai jira Salla ba. Direbobin Zango da na Malanvil guruf ɗinsu ɗaya, hoton ya riga mu isa. Da Baffa ya zo ya zauna a tabarma, ya ajiye wayarsa a gabansa, fuskar yarinyar tana haske a ciki.

"Marainiya ce," ya ce. "Ana yawo da ita a wayoyin mutane ana tsine wa abin da take riƙe da shi. Da wane ido zan dubi ƙanena gobe kiyama?"

Maigidana ya roƙe shi. Ya ce kuskure ne, ya ce abin da za mu ci shi za ta ci. Baffa ya ce ya sani, ya gode. Bai ɗaga murya ba, bai kuma canza magana ba. Ya ce ƙofarsa a buɗe take, duk lokacin da uwar ta so ta je ta ga 'yarta.

Ni na haɗa kayan, don Auta ta kasa. Na sa rigar Sallar a ciki, na sa sabon takalmin. Yarinyar tana murna za ta shiga babbar mota, ta tambaye ni ko a can ma akwai teku. Na ce akwai kogi. A tasha ta manna fuska a gilashi tana ɗaga mana hannu har motar ta sha kwana.

Da muka dawo kwalin yana nan a tsakar gida, mai kwasar shara zai zo washegari. Na ɗauko tsintsiya in tattara, Auta ta ce in dakata. Ta ɗebo ruwa a roba ta zauna a ƙasa. Ta riƙa ɗaukar leda tana jiƙa takardar mai fuskar 'yarta da yatsa, tana ɓare ta a hankali kada ta yage, ta ajiye a cinyarta, sannan ta jefa ledar a bokitin shara.

Na ce, "Auta, an kira la'asar."

Ta ce, "Yi taki, Yaya. Ba zan bari a kai ta bola ba."

Na yi alwala na yi salla, na dawo na zauna kusa da ita, na jawo leda ɗaya.