Gauraka Mai Zobe a Gonata

Jama'a, yau har gauraka na goya a babur!

Ina cirar gyaɗa sai ga shi ya faɗo, yana ɗingishi, da zobe a ƙafa. Maƙwabcina Malam Sabo ya zaro wuƙa: "Miya ta samu!"

Na ce, "Tsaya, Malam! Na cibiyar kiwon namun dajin nan ne ta hanyar Bici!"

Da ƙyar ya yarda ya rungumo shi, na ja babur. Har muka isa gaurakan yana saran kunnensa!

Likitar cibiyar ta fito a guje: "Alhamdulillahi! Tun da ya ɓace macen ta ƙi cin komai, ga ta kan ƙwai!"

Aka kai shi wurin macen. Suna haɗa ido suka hau kuka da tsalle.

Malam Sabo ya riƙe baki: "Astagfirullah! Saura kaɗan in mayar da baiwar Allah bazawara!"