Hannun da Kasuwa ke Karɓa

Sa ɗaya, kiwon wata goma sha takwas, da kwanon rufin ɗakuna biyu: abin da ke shirin salwanta ke nan a ranar da har yau ba ta fita raina ba. Ku da kuke koyon dillancin dabbobi a hannuna, ku saurara.

San na Mama Rahila ne, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, a wani ƙauyen Kiristoci bayan Gubuchi. Hausawa ne kamarmu, manoma na gaske, amma ba su da dillali a kara, ba su da mahauci ko ɗaya a kasuwa. Duk abin da suka kiwata ta hannunmu yake fita. Mun yi da ita zan kai san kasuwar Makarfi, ta rufe ɗakunanta kafin damina.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, ƙanin mijinta Dauda ya kira ni a waya.

"Malam Sale, hawo babur! Dankali ya maƙale wa sa a wuya, ciki ya kumbura, ya kwanta."

Na ce, "To, ku yanka mana!"

Ya ce, "Mu yanka wa zai saya?"

Idan sa ya mutu ya zama mushe. Idan Dauda ya yanka, malamai suna da bayaninsu a kan yankan ma'abota littafi, amma mai sayen tsire ba ya zuwa da malami. Da an ji daga inda naman ya fito, ba mai taɓawa.

Na iske san a kwance yana nishi, idanu sun firfito. Sun zura hannu, sun ɗura mai, a banza. Har sun ɗaure ƙafafun, sun juya shi gabas, sun haƙa ramin jini. Mama Rahila na tsugune tana shafa masa wuya. Dauda ya miƙo min wuƙa.

A nan asirina ya tonu. Shekara ashirin da wani abu ina sayar da shanu, amma ban taɓa yanka abin da ya wuce ragon layya ba. Na tsaya da wuƙar a hannu.

Dauda ya dube ni ya ce, "Kai, dillali! Ashe baki kawai gare ka?"

Na ce, "Bakin ne ke ciyar da ni."

"To, yau hannu ake nema. Sa wuƙar a nan, ƙarƙashin maƙogwaro. Ba nan ba, za ka ɓata mata fata! Yi bisimillarka, ni zan danne kan."

Mama Rahila ta ce, "Yi sauri, ɗana, kada ya riga ka."

Na yi bisimilla, na ja wuƙa. Jini ya yi tsartuwa, sa ya yi shure-shure. Dauda ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Ya motsa, kun gani!" Ya san ƙa'idar cewa sai da sauran rai yanka ke halatta, fiye da wasu da nake salla da su.

Muka feɗe, muka ɗora a akori-kura sai wurin sarkin fawa, wanda ba a shigar da nama kasuwa sai da izininsa. Ya ɗaga cinya ya duba, ya ce, "Daga ina?"

Na faɗa masa.

"Wa ya yanka?"

"Ni."

"Kai? Sale? Yaushe ka fara?"

Na nuna masa jinin da ke gaban rigata. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wani mahauci ya matso ya ce ai naman faɗuwa ne, kuma na can ne, sai dai a ba su yadda suka ga dama. Na ce masa faɗuwa na yarda, a rage. Amma "na can" ba ciwo ba ne, ciyawar Gubuchi ya ci kamar shanun ubansa. Sarkin fawa ya ce a yi ciniki tsakani da Allah, aka yi.

Da yamma na koma na faɗa wa Mama Rahila yadda aka ƙare. Ta ce, "Yabo ga Ubangiji," na ce, "Alhamdu lillahi," ta zubo min kunun gyaɗa.

Abin da na koya shi ne, mutanen nan suna kiwo da mu a ransu. Sun san gabas ɗinmu, sun san abin da muke ci da wanda ba ma ci, mu kuwa ko sunan fastonsu ba mu sani ba. Idan irinsu suka kira ku, ku bar abin da kuke yi ku tafi, kuma kada ku bari a karya musu kaya don ba su da mai magana a kasuwa.

Ɗaki ɗaya ta rufe a shekarar, ɗayan ya sake shan damina da ciyawa. Ni na yafe la'adata, rigar shadda kuma ba ta wanku ba. Amma daga ranar, ko akuya za a fitar daga ƙauyen nan, sai an ce a kira Sale.