Bencin Gaba

Shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa ina ɗinki a Gusau, a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa. Bayan rumfar akwai wani babban zaure mai rufin kwano inda ake wasanni ran Asabar da la'asar. Nan 'yan kama suke juya waƙoƙin sarauta su koma na tuwo da miya, 'yan makaranta su yi wasan kwaikwayo da gemun auduga, wasu Yarbawa su zo da ganguna da jita a tashi a taka. Ba na fashin zuwa.

Gwanin wurin ɗan garinmu na Bungudu ne, dogo mai bakin ba'a. Tare suka tashi da yayana, akushi ɗaya suke cin tuwon Inna. Yayana kuwa ya dawo daga yaƙi ba rauni a jikinsa, sai dai in abu ya faɗi da ƙara yakan zube ƙasa ya rufe kai yana makyarkyata. Mu 'yan gida muka sani, sai wannan aboki nasa, da ya gani ranar da faranti ya kuɓuce wa Inna.

Wata Asabar sai ga gwanin nan ya fito da tsohon kaki, sanda a kafaɗa, yana fareti. Aka saki faranti a bayansa. Ya zube, ya shige ƙarƙashin tebur yana kiran Inna da muryar yayana, har da yadda yake cizon hannun riga. Zaure ya kece da dariya. Na kusa da ni har yana dukan cinyata don daɗi.

Da aka tashi na tare shi a ƙofa.

"Wanga abu da ka yi, ka san wanda ka kwaikwaya."

"Wasa ne, ƙanena. Ka ji na ambaci suna?" Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Kwanaki ina taka keke ina yi wa mutane ɗinki a karkace. In yi masa duka bai ishe ni ba. So nake ya ji kunya a wurin da ya ba mu ita. Ina da wani mai kawo ɗinki, tsohon saje daga Tsafe, wanda ya baro hannun dama a fagen yaƙi. Na hau mota na same shi a gida, na faɗa masa komai. Da na gama sai ya ce, "Ka kama muna bencin gaba."

Ran Asabar ya zo da 'yan uwansa tsofaffin sojoji su da yawa, wani da sanduna biyu, wani ido ɗaya. Suka cika bencin, ni a tsakiyarsu. Mutumin ya fito da faretinsa, faranti ya faɗi, ya shige ƙarƙashin tebur. Dariya ta taso daga baya, ta iso kan waɗannan mutane da suke zaune kamar duwatsu, ta mutu.

Sajen ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Malam, sake yi. Ba mu gani da kyau ba."

Mutumin ya leƙo yana yaƙe. Ya sake, ba wanda ya ko yi tari.

"Sake."

Sai ya tsaya a durƙushe, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Idonsa ya faɗa cikin nawa, ni kuwa na gyara zama na ƙura masa. Ya tuɓe kakin ya fice ta ƙofar baya.

Bai ƙara hawa dandalin nan ba. A kasuwa mahauta suka riƙa bin sa da "sake yi" har ya koma Kano. Yayana ya rasu bai san an yi ba. Da mutumin ya zo gaisuwa, na amsa masa a tsaye, na bar shi ya nemi tabarma da kansa.