Ragon da Na Rubuta wa Lamba

Ko da tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu a Waca, ba zan manta ranar da na kai rago Yamai ba. A lokacin ina ji da kaina sosai. Nakan faɗa a tasha cewa babu biro, wato ofis, a ƙasar nan da ban san mai gadinsa ba, kuma in na yi atishawa a Magarya, daga Yamai ake yi mini sannu.

Ɗan ƙanwata ne ya gama koyon tuƙin jirgin sama a waje. Uwarsa ta sayar da rabin shanun gadonta kafin ya samu takardar tuƙin, ya dawo ya zauna wata da watanni babu aiki. Ita kuwa takardar tuƙi, in mutum ya daɗe bai tashi jirgi ba, mutuwa take yi. Ana cikin haka sai wani kamfani ya ce zai ɗauki sababbin matuƙa uku ta hanyar kwankur, wato jarrabawar gasa.

Da zai tafi ya zo yi mini sallama, ya ce, "Kawu, a can ba a kiran suna. Lamba ake ba kowa, masu gwaji lambar kawai suke gani. Don Allah ka bar ni da karatuna."

Na ce masa to. A zuciyata kuwa dariya nake. Na riga na ji cewa ɗaya daga cikin masu gwajin tsohon matuƙi ne da muka zauna benci ɗaya a lakwal, makarantar boko. Na sha gaya wa mutane rabin lissafinsa daga allona ya kwafa, ko da yake in za a bi gaskiya, ni ne na yi kwafin.

Na je kasuwar Mallawa na zaɓi ragon da sai da mutum huɗu suka ɗora shi kan mota. Mu a nan, in ka sayi dabba sai ka yi mata shaida da fenti don kada ta ɓace cikin na mutane. Na yi tunani, mutumin nan babba ne, ƙila raguna goma za a kai masa, yaya zai gane namu? Da ma na leƙa takardar kiran ɗana na ga lambarsa. Sai na samu jan fenti na rubuta sha huɗu a kowane gefe, manya-manya, yadda ko daga sama za a karanta.

Na isa da safen ranar gwaji na ƙarshe, na ɗaure shi a gindin wata itaciya cikin farfajiyar kamfanin. Ga masu neman aikin jere a benci, kowa da lambarsa a ƙirji. Ɗana ya dubi ragon, ya dubi ƙirjinsa, ya sunkuyar da kai.

Can abokin nan nawa na lakwal ya fito. Ya zagaya ragon sau ɗaya kafin ya gaishe ni.

Na ce, "Ɗan ajinmu, 'yar tsaraba ce."

"Tsaraba mai lamba?"

Ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kwana uku ina faɗa a ɗakin can. An turo mana 'ya'yan manya biyu daga sama, na ce ba zan sa hannu ba sai abin da gwaji ya nuna. Sha huɗu ne a gaba, ban ma san ɗanka ne ba. Yanzu duk wanda ya ga dabbar nan zai ce sayena aka yi, kuma ba ni da bakin musu. Dole in fita daga kwamitin."

Ya fita kuwa. Da sakamako ya fito, 'ya'yan manyan nan biyu suna ciki, da wani mutum ɗaya. Ɗana yana layin jira.

Ni da ragon muka komo Waca a mota ɗaya. Fentin ya ƙi fita, 'yan tasha suka sa masa suna Kumandan, har layya ana sara masa. Ɗana bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Ya koma garin Guci yana koyar da lissafi, uwarsa ta ƙara sayar da saniya biyu don kada takardarsa ta mutu.

Bayan shekara guda, ina zaune a tasha sai labari ya zo an ɗauke shi. An sake kwankur, ya zo na ɗaya.

Tun daga nan na gane wani abu game da kaina. Shekaru ina zagin masu son kai, ashe abin da ke ƙona mini rai shi ne ba nawa ake ɗauka ba. Kuma mutum ɗaya da ya tsaya kan gaskiya a ɗakin nan, manya ba su iya fitar da shi ba, ni da ragona muka fitar da shi.

Duk da haka hali bai bar ni ba. Na je yi wa ƙanwata barka, na gyara zama na ce ai addu'ata ce ta kama.

Tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, addu'arka ta yi amfani. Amma abin da ya fi taimako, bana mun ɓoye maka ranar."