Ranar Da Kunne Ya Koma Duba Fulogi

Gyara zama ki rubuta, amaryata, kada ki ƙara gishiri kuma kada ki rage. Labarin kakanki na wajen uwa zan ba ki, tunda ba ki yi wayo ba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Bakaniken babur ne, kowa Kunne yake ce masa. Shekara talatin da 'yan kai rumfarsa tana jingine da tawa, ni ina facin taya, shi yana gyaran inji, langa-langa ɗaya ce tsakaninmu. A nan ma ɗana, ubanki, ya hango uwarki tana kawo abinci, ni kuma na yi kamar ban gani ba.

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Babur zai karyo kwana, kafin ya iso Kunne ya ce, "Wannan mai ya yi masa yawa," ko ya ce, "Wannan ƙishirwa yake ji." Kin san inji da abu biyu yake rayuwa, fetur da iska, a kafireta ake gauraya su. In mai ya yi yawa, sai tari da baƙin hayaƙi. In iska ta yi yawa, sai ya ɗau zafi, ya riƙa wata 'yar ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, in ba a farga ba ya buga. Kunne zai karkata kai, ya lumshe ido, ya ɗan murɗa sukundireba, shi ke nan. Kanikawan da ke kwance fulogi su duba launinsa kuwa, 'yan duba yake kiransu. In ya ga wani ya ɗaga fulogi yana ƙura masa ido, sai ya ce, "Tambaye shi yaushe za ka yi aure mana!"

To, tsufa ba ya sallama. Ni na fara lura. Sai in kira shi sau uku ta bayan langa-langa bai amsa ba, rediyonsa kuma kullum ƙara murya take. In na yi magana ya ce ni ne nake maganar ciki.

Ana haka sai ga Mai Ƙwai. Ƙato ne, da ɗan ƙaramin babur ɗin nan roba-roba, in ya hau sai ki ce giwa a kan akuya. Kullum sai ya hawo tudun bayan gari da kiret-kiret na ƙwai daga gonar kaji, babur yana nishi. Ya je wani gareji aka sa masa babban fistan, aka sauya salansa mai buɗaɗɗen baki, aka cire soson da ke tace iska. Ya turo shi wajen Kunne ya ce, "Baba, saura saiti. Amma a matse mai, don Allah, kada ya cinye ni."

Kunne ya kafe babur a kan ƙafarsa ta ƙarfe, ya karkata kai, ya murɗa. Babur ya yi gurnani kamar zaki, Mai Ƙwai ya tafi yana washe baki. Kwana uku sai ga shi a ƙafa yana turi, zufa har gwiwa. Inji ya buga a tsakiyar tudu. Ƙwai ko ɗaya bai fashe ba, amma fistan ya ƙone.

Kawunki babba ya ji labari. Ya zo rumfa da yamma, ya durƙusa ya gaishe mu, ya ajiye sabon fistan a kan benci, sannan ya ɗaga murya yadda uban zai ji.

"Baba, kunnen nan ya gaji. Ku gyara wannan. Amma in ya sake bugawa, rumfa za a rufe, ku zauna gida ku huta."

Kunne da zaman gida! Mutumin da ko zazzaɓi yake yi a kan bencin rumfa yake jinyarsa. Ni na san in aka rufe rumfar nan, an rufe shi ne.

Washegari da safe ya zagayo wajena, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya daɗe yana juya wani abu a hannu. Na duba, fulogin Mai Ƙwai ne, bakinsa fari fat kamar alli, alamar da ƙishirwa injin ya mutu.

"Mai Faci," ya ce, "'yar ƙarar nan ba na jin ta."

Na ce, "Shekara biyu ke nan da na sani."

"To munafuki, tashi ka hau."

Ya yi mini bayani. Abin da sukundireba ke murɗawa, sa'ad da inji ke tsaye yana sulo kawai yake aiki. In aka ja totur har ƙarshe, wani ɗan ƙarfe ne mai huda kamar ta allura ke ba da mai, jet sunansa. An faɗaɗa wa babur maƙogwaro, an bar shi da tsohon jet, yana haɗiyar iska babu abin jiƙa ta. A da, Mai Ƙwai na tashi daga bakin rumfa Kunne zai ji ƙarar ya kira shi. Yanzu sai dai a tambayi fulogi.

Ya haɗa inji da sabon fistan, muka ɗaura buhun yashi uku a baya, biyu a madadin ƙwai, ɗaya don cike ƙibar Mai Ƙwai, tunda ni kamar tsinke nake. Kunne ya riga ni zuwa kan tudu da gwangwanin jet-jet ɗinsa da sifana, ya zauna a inuwa. Umarni ɗaya ya ba ni: in ja totur har ƙarshe, ina isowa in kashe inji nan take, kada in bar shi ya yi sulo ko na ƙiftawar ido, don zai ɓata shaida.

Da babban jet ya fara, ya ce mai da yawa ba ya kashe inji. Na hawo tudu, babur yana tari yana shaƙewa. Ya kwance fulogi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ɗaga shi sama yana ƙura masa ido.

Na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Malam ɗan duba, yaushe zan ƙara aure?"

"Ranar da ka daina tsoron totur. Koma!"

Ya sa wanda bai kai shi ba, ya goge fulogi, na koma. Baƙin ya ragu, bai tafi ba. A hawa na huɗu babur ya kwashe ni da yashin kamar an harba kibiya, hulata ta yi nata wuri, ina salati ina buɗe ƙafafu. Ina kashewa na ga kawunki tsaye kusa da uban, an gaya masa tsofaffi biyu sun haukace a kan tudu.

Kunne ya kwance fulogi, ya hura, ya miƙa masa. Launin bayan burodin da ya gasu daidai.

"Gaskiyarka," ya ce wa ɗan, "kunne ya tafi. Amma ido yana nan."

Kawunki ya ce a ba shi mako guda. Mako ya wuce, wata ya wuce, Mai Ƙwai yana hawan tudu har yana wuce motoci, sai dai kullum da ƙorafin babur ya koyi shan mai. Kunne ya ce masa, "Ka ba shi cikin ƙato, ka ce ya ci abincin jariri?"

Rannan kawunki ya dawo, ya durƙusa, ya ce rumfa ta zauna. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada ya sake ganina a kan babur ɗin gwaji, kowa ya hau nasa. Na ce wa ya gaya masa ina so? Kakanki ya ƙara shekara bakwai a rumfar nan, da tabarau a karan hanci, kuma har ya bar duniya babu injin da ya sake bugawa a hannunsa.