Malam Uwaisu da Bawul Huɗu na Gidan Tunkuza

Na yi aiki tare da Malam Uwaisu shekara goma sha ɗaya, daga 1974 zuwa 1985, a wani kamfanin matsar man gyaɗa da ke Bompai, wanda ma'aikata ke kira Gidan Tunkuza. Ni ke riƙe da mabuɗin sito. Da yake kuma na yi makarantar Mishan a Wusasa, duk takardar Turancin da ta gagari mutane ni ake kawo wa, har littattafan inji. Sunana ya ɓace a wurin, Akawu kowa ke ce mini.

Shi mutumin wani ƙauye ne a bakin kogin Challawa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa. Mahaifinsa tufkar igiya yake yi da ɗinkin guga. Ya shigo kamfanin yana dakon buhu, ya koma mai zuba wa inji mai, sannu a hankali ya zama babban makaniki, alhali bai taɓa zama a aji ba. Yana hayar ɗaki a Dakata. Ran Asabar da la'asar ya hau kekensa ya tafi gida, Litinin kafin jiniya ta yi kuka yana bakin get.

Injinmu tsohon injin tururi ne da Turawa suka kafa tun ba a haifi rabin ma'aikatan ba. Maƙwabtanmu su yini suna jiran wutar lantarki, mu namu yana ta gurnani, don ɓawon gyaɗa muke ƙona masa, da gyaɗa ta yi ƙaranci muka koma baƙin mai. Yana da bawul huɗu masu juyawa. Kowanne kamar guntun taɓarya ne na ƙarfe kwance cikin rami, yana juyawa gaba da baya, ya buɗe wa tururi hanya ya rufe. Wutsiyar kowane bawul tana leƙowa waje ta wata kafa, nan kuwa wahalar take. Dole wutsiyar ta juya, dole kuma kada tururi ya bi gefenta ya tsere. Abin da ake naɗawa a wurin wata baƙar igiya ce mai santsi da ake kawowa daga Ingila, muna ce mata fakin, sai a danne ta da noti biyu. In ta yi yoyo ƙarfin inji ya faɗi, matsa ta tsaya, mutum ɗari da hamsin su zauna.

A bangon ɗakin injin akwai dokar da wani tsohon injiniya Bature ya sa aka rubuta da jan fenti. Ni na rubuta Hausarta a ƙasa: duk wanda ya sa wa inji abin da ba daga sito ya fito ba, korarre ne. A gabana aka kori mutum biyu a kanta. Ɗaya robar tsohuwar taya ya yanka ya toshe bututu, ta narke ta ƙona wani a cinya.

A 1982 kayan waje suka daina zuwa. A watan Afrilu na juye akwatin fakin na ƙarshe, guntaye biyu suka faɗo, sun bushe kamar kilishi. Na miƙa wa Malam Uwaisu. Ya jujjuya su, ya shinshina, ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Ya tafi.

Bai sake zuwa neman fakin ba. A da kowane wata huɗu yake zuwa. Wata huɗun ya wuce, takwas ya wuce, shekara ta cika, bawul huɗu suna juyawa shiru kamar ba komai. Daga nan zuciyata ta ƙi kwanciya.

Na fara lura da shi. Ya soma zuwa da wata tsohuwar jakar fata da ba ya ajiyewa ko wurin alwala. Ran Asabar da tsakar rana, in an kashe inji, sai ya sallami kowa ya saka sakata, ya yi kamar awa biyu shi kaɗai. In ya fito hannunsa na ƙanshin man kaɗanya. Sau biyu na gan shi yana karɓar matattun batiran tocila a wurin masu gadi yana zubawa a aljihu. 'Yan dako suka ce aljanin inji yake ba abinci. Ni ban yarda da wannan ba. Abin da na zarga ya fi haka muni: cewa a shekarun wadata ya riƙa rage fakin ɗin da nake ba shi yana ɓoyewa, yanzu yana fito da shi kaɗan-kaɗan don ya zama ba a iya komai sai da shi. Har na taɓa tsayawa kusa da jakar lokacin da yake wanke hannu, na ɗaga bakinta da ɗan yatsa. Ya juyo, na yi kamar ƙuda nake kora.

Kowace shekara yakan ɗauki hutun sati biyu ya je girbin dawa. A Nuwamban 1983, kwana uku da tafiyarsa, bawul ɗaya ya fara fito. Lawal, makaniki na biyu, dogon mutum mai surutu, ya kira ni in karanta masa littafin inji. Na karanta masa daidai yadda yake: in fakin ya yi yoyo, a ɗaure noti biyun daidai da juna har yoyon ya tsaya. Lawal ya ɗaure, ya bi sauran ukun ma ya ƙara musu don rigakafi. Fito ya tsaya. Bayan awa guda muka ji ƙauri, sai tururi ya fashe ta bawul biyu har ba ka ganin na kusa da kai. Da suka huce aka buɗe, baƙar toka kawai aka zaƙulo. Kamfani ya tsaya har Malam Uwaisu ya dawo. Ya saka sakata, ya yi awa biyunsa, inji ya tashi.

Shekarar da ta biyo, haka aka sake yi, kwana ukun ma bai canza ba.

"Akawu," in ji Lawal, muna shan shayi a bakin get, "ku da kuka yi boko ku gaya mini. Wane irin inji ne zai yi wata goma sha ɗaya lafiya lau, ba ya ciwo sai mai shi ya tafi yankan dawa? Ko shi ma ƙauyen yake so a kai shi?"

Aka yi dariya, amma kowa ya gane inda maganar ta dosa.

A lokacin mun sami sabon injiniya, Muntari, saurayi da ya gama jami'a a Zariya. Mai ladabi ne, amma ba ya karɓar abin da bai gani da idonsa ba. Ya same ni a sito ya ce, "Malam Akawu, yaushe rabon Baba Uwaisu da karɓar fakin?"

"Shekara biyu da wata bakwai," na ce. Na faɗa ne ba tare da na duba komai ba, na kuwa san igiya na zura wa mutum a wuya.

Ran Litinin ɗin da Malam Uwaisu ya dawo aka tare shi a ɗakin inji, da manaja Alhaji Garba, da injiniya, da Lawal, da ni. Injin yana kwance kwana goma sha ɗaya.

"Baba Uwaisu," in ji Muntari, "ku gafarce ni, amma ɗayan biyu ne. Ko kuna kwance wani abu kafin ku tafi don a san darajarku, ko kuna da fakin ɗin kamfani a ɓoye. Wanne ne?"

Malam Uwaisu ya gyara riƙon jakarsa.

"Uwaisu," in ji Alhaji Garba, "shekara nawa muna tare. Ka ba ni amsa, ko ka ajiye sifana. Ka kuwa san Bompai. Wanda aka kora da sunan ɓarna ko sata, kafin ya kai Dakata labarin ya riga shi kamfanonin Sharada. Ba mai ƙara ba shi ko tsintsiya."

Malam Uwaisu ya ɗaga kai ya dubi bango. "Akawu, karanta mini wancan jan rubutun."

Na karanta.

"To, ranka ya daɗe, ta duk ƙofar da na bi waje zan faɗa. Amma gara a kore ni a kan abin da hannuna ya yi, da a kore ni ɓarawo."

Ya tsuguna ya zazzage jakar. Ga wata baƙar igiya mai kusurwa huɗu, kaurin ɗan yatsa, an kitsa ta dam. Ga gwangwanin madara cike da wani mai, baƙi mai kauri. Ga 'yar wuƙa.

"Rama ce," ya ce. "Ta gonata. Amina matata ke tsefe ta, ni in kitsa tufka takwas. Wannan man kaɗanya ne, na daka baƙin sandan nan na cikin batir na cuɗa da shi, don ya ba ta santsi. In ta kwana uku a ciki ta sha, shi ke nan. Ita ke cikin injin nan tun ranar da Akawu ya ba ni kilishinsa."

Muntari ya ɗauka yana murzawa. "In haka ne me ya sa take ƙonewa in kun tafi?"

"Wa ya ɗaure noti?"

Lawal ya nuna ni da haɓa. "Littafi ne ya ce a ɗaure. Akawu ya karanta."

"Littafi bai yi ƙarya ba, da igiyar Ingila yake magana. Ita ba ta kumbura. Rama kuwa kowa ya ja guga ya san in ta jiƙe kumbura take yi. In inji ya yi zafi sassauta mata ake yi, ba ɗaurewa ba. A bar ta tana ƙwalla, ɗigo ɗaya, ka yi salati uku, wani ɗigon. In ta bushe ƙaf ta ƙone ke nan. Kullum da safe ina ɗiga mata man nan. Fiton da kuka ji kwana uku da tafiyata, mai take roƙo, kuka ba ta sifana."

"Haba Malam!" in ji Lawal. "Da kun gaya mini ai da ba a yi haka ba."

"In na gaya maka na gaya wa mai shayi. Kuma da yanzu mu biyu ne a tsugune a nan."

Ni dai ban iya ɗaga ido ba. Kwana ashirin da biyu cikin shekara biyu kamfani ya tsaya, da bakina aka tsayar da shi, ina can ina leƙen jakar wani.

Muntari bai gamsu ba. Ya ce baki ba ya tayar da inji. Sharaɗinsa shi ne Malam Uwaisu ya naɗa ramar a gaban kowa, ƙofa a buɗe, ya nuna wa Lawal sassautawa da ɗiga mai, sannan kada ya taka ɗakin inji har kwana goma. In tururi ya fashe, to akwai wani abin da yake ɓoyewa.

Aka yi haka. Na ga yadda yake yanka igiyar zobe-zobe, yana karkata bakin wuƙa don kan zoben ya hau kan ɗan'uwansa, yana kuma kauce wa haɗa gaɓar zobe biyu a gefe ɗaya. Notin da yatsa ya ɗaure shi, sifana sai rabin juyi.

Kwana goman nan a gindin darbejiyar bakin get ya yi su. Ba ya hira, kunnensa na ga inji. Muntari ya sa mai gadi ya lura da shi, shi ma kansa yakan leƙo ta taga. Ran na huɗu Malam Uwaisu ya miƙe zumbur ya ƙwalla wa wani ɗan dako kira, "Je ka ce wa Lawal na ukun yana jin ƙishi!" Aka duba, haka ne. Muntari ya ce wannan ma taimako ne, ya ƙara kwana ɗaya. Ran na goma sha ɗaya bawul huɗu suna juyawa, kowanne da ƙwallarsa.

Saura doka. Alhaji Garba ya ce ba zai goge ta ba, don in ya goge gobe wani ya sake yanko taya. Ya ce laifi an yi, zaman bakin get shi ne hukuncinsa, za a kuma rubuta wa Malam Uwaisu takardar gargaɗi. Ni na buga ta. Daga nan gaba kuwa ba igiyar da za ta shiga inji sai ta bi ta hannuna.

Haka muka yi har aka rufe kamfanin a ƙarshen 1985. Litinin Malam Uwaisu ya kawo mini kitsonsa ta taga, in duba, in naɗe a tsohon akwatin Ingila. Asabar ya dawo ya tsaya kamar baƙo.

"Akawu, akwai fakin?"

"Akwai, Malam."

Muntari ya kwance wata igiyar ya ƙirga tufkar, ya gwada kitsa tasa a ofis, ta fito kamar igiyar ɗaure akuya. Har ya bar aikin bai daina cewa akwai abin da tsohon bai faɗa ba. Mai yiwuwa ne, ban sani ba.

Ban taɓa gaya wa Malam Uwaisu na zarge shi da sata ba. Ranar da muka rabu ya ɗaure katifarsa a bayan keke, ya zo tagar sito ya ajiye jakar fatar a gabana, bakinta a buɗe.

"Ga ta nan, Akawu. Duba da kyau yau, ba ƙuda."

Na duba. Wuƙarsa ce kawai da gwangwanin madara. Ya rataya ta, ya hau keke, ya nufi Challawa.