Ranar da Auta Ta Kashe Ni a Talabijin

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma autata ta yi sakandare a birni, kuma a can aka ɗauke ta cikin wasan talabijin. Lokacin mulkin soja ne, an daina fam da sule da 'yan shekaru. A unguwarmu ta bayan tashar Kafanchan gida ɗaya ke da akwatin talabijin, gidan wani direban jirgin ƙasa. Ya ɗaura eriya a kan doguwar gora. In iska ta juya ta, sai mutanen ciki su narke su koma yayyafi.

Duk Alhamis in an gama tuwo sai ya fito da akwatin tsakar gida, mu jera bencina. Wasan 'yan makarantar kwana ne: malami mai bulala, wani yaro mai manyan kunnuwa da ke satar garin kwaki, da autata, monita mai kai ƙara. Da sunanta na baftisma suke kiranta a ciki. Shekarar farko mutane har faɗuwa suke yi daga benci. Ni ban zo dariya ba. Tsawon siket ɗinta nake dubawa, da inda hannun yaran nan yake.

A shekara ta uku abin ya fara lalacewa. Mai kunnuwa ya shiga soja, suka kawo wani suka ba shi sunansa, ga kunnuwansa kamar na kowa. Malamin ya faɗo daga kujera makon nan, ya sake faɗowa makon gaba. Yaran sun fara gemu, har yanzu suna aji uku. Da dariya ta ƙare musu sai suka koma kwaikwayon bakin mutane, yau mai kanti, gobe mai kawo nono. Bencina huɗu suka koma ɗaya.

Wata Alhamis da damina mu shida ne kawai. Malamin ya ce kowa ya kawo uwarsa makaranta. Autata ta miƙe, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malam, ni uwata ta rasu."

Na ji shi da kunnena. Ina zaune, zanena a jikina, ƙafata a ƙasa. Direban ya juyo ya ce, "Maman yara, wasa ne fa." Na ce masa na san wasa. Na tashi, na kasa gane ƙofar gidan da nake shiga shekara uku.

Ranar Asabar da hantsi ina shanya citta sai na ji kuka daga bakin layi. Yayata ce daga Fadan Kaje, da mata bakwai na zumuntar mata, da ƙullin acca a kai. Wani malamin makaranta a Zonkwa ne ya ga wasan a birni, ya ji yarinyar ta faɗa da bakinta, da sunanta, ya kawo labari. Yaya ta shigo tana kiran sunana, ta gan ni da faifai a hannu, ta zube a ƙasa. Ɗaya daga cikin matan ta zura da gudu har bakin titi.

Da numfashin Yaya ya dawo ta taɓa fuskata, ta ce, "To wa ya mutu?"

Na ce, "Ni ce, Yaya. Ku zauna ku sha ruwa."

Ta ce, "An riga an gaya wa fasto. An fara share wuri kusa da kabarin mijinki."

Ban ci abinci ranar ba. Ba kabarin ne ya dame ni ba. A wurinmu yaro ba ya kiran mutuwa a kan iyayensa ko cikin barci. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, kunyata take ji? Ta zama mutum a birni, uwa mai sayar da citta ta yi mata nauyi, ta sauke?

Ranar Litinin na hau jirgi. Na sami gidan talabijin ɗin da tambaya. Aka kai ni wani ɗaki mai fitilu kamar rana, ga bencinan ajin, ashe bangon ma katako ne. Yaran suna zaune suna cin gyaɗa, autata ba ta iso ba. Hausa ba yarena ba ne, a kasuwa na koye shi, kuma har yau mace da namiji duk ɗaya nake kiransu. Na ce, "Yarinyana yana ina?"

Sai wani dogo ya toshe baki. Wata ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Sai sabon yaron nan mai ƙananan kunnuwa ya riƙe ƙugu, ya ɗaga haɓa, ya ce, "Ni ba na son wasa-wasa, ka ji ko, yarinya?"

Maganata ce. Da muryata, har da yadda nake jan ƙarshenta. Abin da nake gaya mata tun tana rarrafe, a ɗakina, ga shi a bakin yaron da ban san uwarsa ba.

Mai shirya wasan ya daka musu tsawa, ya jawo mini kujera. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Takan kwaikwaye ki in muna hutawa, har mu yi hawaye. Masu kallo sun gudu, sai na ce mu kawo uwar monita cikin wasan, mai irin wannan magana, ko za su dawo. Har mun sami mai yi. Ita ta ƙi. Ta ce in an sa ki a ciki za ta fita. Da aka kunna na'ura ta faɗi abin da kika ji, ba ya cikin takarda."

Ina nan zaune ta shigo. Ta gan ni, littattafanta suka zube. Ta durƙusa ta ce, "Mama."

Na ce, "Wace Mama? An share mini wuri a Fadan Kaje."

Ta fara kuka, ta ce ta yi ne don kada duniya ta yi mini dariya. Na ce, "Wa ya fara ba su maganata?" Na ƙara da cewa, "A cikin akwati ka binne ni, a cikin akwati za ka tone ni. Kafin nan kada ka zo gida."

Mai shirya wasan ya ce ai an riga an gaya musu za a tsayar da wasan, saura guda ɗaya.

Alhamis ɗin nan tsakar gidan direba ta cika kamar shekarar farko, don labarin gawar da ta ba masu makoki ruwa ya zaga gari. Yaya ma ta dawo. Wasan ba daɗi. Malamin ya faɗo daga kujera, ba wanda ya motsa. Ana gab da rufewa, yaran suna ɗaga hannu suna sallama, sai autata ta matso har fuskarta ta cika gilashin. Ta yi magana da yarenmu. Ta ce uwarta tana da rai, tana Kafanchan, ta roƙe ta gafara.

Amma birni ya cinye mata harshe. Inda ake sauke murya ta ɗaga, inda ake ɗagawa ta sauke, maganar ta fito kamar ta Baturen mishan. Duk wanda ke jin yaren a wurin ya fashe da dariya, irin wadda wasan bai samu ba shekara guda. Yaya har da riƙe ciki. Wani ya fara maimaitawa da muryarta.

Na miƙe. Ban ɗaga murya ba, na dube shi kawai, ya haɗiye sauran. Daga nan akwatin ya koma yayyafi. Mako na gaba shirin takin zamani aka sa a lokacin.

Autata ta zo ranar Asabar da jirgin rana. Kafin ta ajiye jaka na sa ta maimaita maganar a bakin ƙofa, sau shida, har ta sauke muryar inda ake saukewa. Sannan na ce ta shigo.